Kifi Ya Mutu Sau Biyu a Akwati Ɗaya: Nazarin Wani Akwatin Gwanjo a Rijiyar Zaki

Akwatin na gilashi ne, tsawonsa santimita 90, faɗinsa 35, tsayinsa 40. Idan aka cika shi aka bar ɗan sarari a sama, yana cin ruwa wajen lita 110, wato jarkar 'yan garuwa huɗu da kusan rabi. Ƙanena ne ya saye shi a tsakiyar watan Afrilu a hannun wani dillalin kayan gwanjo, ya kai shi gidansa da ke Rijiyar Zaki a Kano don yaransa. Kuɗin da ya biya bai kai rabin na sabo ba, kuma aka haɗa masa da buhu guda na kayan ciki: tsakuwa, ɗan injin hura iska, matatar soso, ganyayen roba, da wata busasshiyar saiwar itace mai rassa, irin wadda ake sawa don ado.

Sau biyu kifi ya mutu a cikin akwatin nan, tsakanin Afrilu da Yuni. A idon masu gida abu ɗaya ne ya maimaita kansa. A zahiri kuwa mutuwar farko daban, ta biyu daban, kuma ni da na haura shekara goma ina kiwon kifin ado na gane ta farko daidai, amma ganewar tawa ce ta rufe mini ido har ta biyu ta auku. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana.

Mutuwar farko

Ranar da aka kawo akwatin, ranar aka ɗauraye shi da ruwa zalla, aka zuba tsakuwa, aka cika shi, kafin magariba an saki kifi goma sha huɗu: golfish shida da gupi takwas (gupi ƙaramin kifin ado ne da ke haihuwar 'ya'ya maimakon yin ƙwai). Saiwar itacen ta ƙi nutsewa, da an danna ta sai ta taso, shi ya sa ƙanena ya cire ta nan take ya mayar cikin buhu ya jefa bayan ɗaki. Yara uku ne a gidan, kowa kuma so yake a ce shi ya ba kifi abinci.

A kwana na uku ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Kifayen suka koma sama suna ta buɗe baki, sun naɗe fiffike, sun daina kula abinci. Daga nan kullum da safe sai an tsinci ɗaya ko biyu. Sai a kwana na takwas ya kira ni.

"Yaya, ina jin akwatin nan akwai guba a jikinsa. Cutata aka yi."

Na je da kayan gwajina. Na ɗaga murfin kunnen wani golfish da ya mutu a safiyar, jan naman nan da kifi ke numfashi da shi ya kumbura ya yi jajawur, ga jan layi-layi a wutsiyarsa. Zafin ruwan digiri 31, don Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke taɓa 40. Gwajin amoniya ya nuna miligiram 4 a kowace lita, alhali a akwati mai lafiya sifili ake nema.

Abin da ya faru sananne ne ga duk wanda ya daɗe a harkar. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A akwatin da ya zauna, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna manne a jikin soso da tsakuwa. Kashi na farko suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iskar numfashi. Kashi na biyu suna mayar da naitirait naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, kuma ana rage shi da canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da zai iya aikin, ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Sosan da ya bushe a ajiye kuwa, ko da shekara nawa ya yi yana aiki a da, ya koma kamar sabo, babu kowa a cikinsa. Ga shi amoniya ta fi yin illa idan ruwa ya yi zafi, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 lita guda tana riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Golfish kifin ruwan sanyi ne mai yawan ci da yawan kashi. Biyu ma sun ishi akwati mai wannan girman, shi kuma ya zuba shida.

Na ce masa, "Babu wata guba. Gaggawa ce ta kashe maka kifi." Game da waɗancan goma sha ɗaya da suka mutu, har yau ina kan wannan magana. Gupi uku da suka rage na tafi da su gidana, suka murmure.

Kuskurena a wani wurin yake. Mutum ya ce mini yana zargin guba, ni kuma da na samu amsar da ta gamsar da ni sai na rufe maganar baki ɗaya. Ban tambayi inda akwatin ya fito ba, ban tambayi tsawon lokacin da ya yi a ajiye ba, ko da me aka ajiye shi. Har ma na ga saiwar nan a bayan ɗaki, ta ba ni sha'awa, na ce masa ya jiƙa ta a bokiti, ya ɗora mata dutse, idan ta sha ruwa ta nutse sai ya sa ta. Ko shinshina ta ban yi ba.

Muka zubar da ruwan, muka wanke tsakuwa da soso, muka sake cikawa. Na matso masa ruwan sosan akwatina don ya samu irin ƙwayoyin, na kawo masa tsiron ruwa na gaske, wanda ya zo da 'yan ƙananan dodon koɗi a jikinsa. Kullum ana ɗan barbaɗa abinci a akwatin ba tare da kifi ba, ina zuwa gwaji duk bayan kwana uku. Amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, a mako na biyar duka biyun suka tsaya a sifili. Sannan na mayar masa da gupinsa uku, na ƙara masa uku. Kwana goma suka yi lafiya lau, suna ci, suna bin juna.

Daren Asabar

Bayan sallar isha'i ya kira ni, muryarsa ta canza. Na isa wajen ƙarfe tara da rabi, na tarar da yaran sun yi cirko-cirko a gaban gilashi, babbar tana riƙe da fitilar waya.

"Baffa, ka ga yadda suke yi."

Ban taɓa ganin irin wannan a akwatina ba. Kifi zai tsaya cak, sai ya fizga da gudu kamar an harba shi, ya bugi gilashi, ya dawo yana juyi kamar katantanwa. Wata macen gupi mai ciki ta kwanta a gefenta a kan tsakuwa, jikinta yana karkarwa tun daga kai har wutsiya, bakinta a buɗe. Da na taɓa gilashin sai ta zabura ta yi sama ta sake faɗowa. Na kwashe su duka na zuba a robar ruwa mai tsabta da na zo da shi. Huɗu sun mutu kafin sha biyun dare, biyun ba su kai asuba ba.

Ruwan akwatin kuwa garau yake, ba wari, ba kumfa, ba maiƙo a sama. Amoniya sifili, naitirait sifili, zafi digiri 28. Dodon koɗin nan suna ta yawonsu a jikin gilashi. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Kifin da amoniya ta kama yana yin laushi ne ya mutu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, cikin kwanaki. Amma kifi shida masu lafiya su kama farfaɗiya lokaci guda su ƙare a dare ɗaya, wannan aikin abin da ke taɓa jijiya ne, kuma ranar ya shiga ruwan.

Washegari muka zauna a tsakar gida, ni da shi da matarsa, na ce su faɗa mini duk abin da aka yi ranar Asabar wanda ba a saba yi ba. Suka kawo uku: an ɗauke wuta wajen awa huɗu da yamma, an canza jarka ɗaya ta ruwa kuma ba mai garuwan da aka saba ne ya kawo ba, sannan an yi baƙi an turare falo.

Maganar wuta ba ta daɗe ba. Gupi shida a lita 110 ba za su shaƙe cikin awa huɗu ba, kuma a kwana goman da suka yi babu ranar da ba a ɗauke wuta ba. Ƙarancin iska yana tara kifi a saman ruwa ne suna haki, ba ya sa su juyi da karkarwa.

Ruwan garuwa ya fi ɗaukar hankalina. Ruwan famfo, irin wanda ake tacewa a Tamburawa da Challawa, ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin yana ƙona mashaƙar kifi. Shi ya sa ake barin ruwan famfo ya kwana biyu a buɗe, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin. Amma wannan mai garuwan a rijiyar burtsatse yake ɗiba, kamar yawancin na unguwar. Saura jarkar kanta. Mafi yawan jarkokin nan na man girki ne aka wanke, sai dai wani lokacin akan samu wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir. Na shinshina ragowar ruwan, na haska samansa ko zan ga launin nan mai walƙiya da mai ke yi, ban ga komai ba. Ƙanena ya ce ai sun sha ruwan kuma ba abin da ya same su. Wannan ba hujja ba ce, domin mutum kofi yake sha, kifi kuwa kowane numfashinsa ruwan ne yake bi ta jikinsa. Na bar ruwan a cikin abin zargi.

Turaren wuta ne ya so ya zama rigima. Shi ya riga ya yanke cewa turaren ne, ita kuma ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. Injin hura iska, iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa, saboda haka duk abin da ke yawo a ɗakin yana iya ƙarewa a akwati. A gidajenmu babban haɗarin shi ne maganin sauro: na feshi, da mai murɗe da ake kunnawa, da fiya-fiya, wanda yawanci sinadarin dikulobos ne aka tsinka, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi. Na san mutanen da suka yi feshi da magariba suka rufe ɗaki, da safe suka kwashe kifi. Sai dai ita ta ce tun ranar da na gargaɗe su ba a sake kunna ko fesa komai a falon ba, gidan sauro suke ɗaurawa. Turare kuwa kusan kullum sai ta yi, kuma kifi ya kwana goma a cikinsa. Ban ce hayaƙi kusa da injin iska abu ne mai kyau ba, amma ba shi ya yi wannan aikin ba, kuma na faɗa masa haka a gabanta.

Ni ma na ƙara biyu daga wajena, waɗanda ake yawan samu a akwatin gwanjo. Na farko jan ƙarfe. Akwai maganin ciwon farin ɗigo na kifi da ake haɗawa da shi, yana kuma iya maƙalewa a tsakuwa ya riƙa fitowa daga baya. Amma dodon koɗi ya fi kifi rashin jure jan ƙarfe nesa ba kusa ba. Da shi ne, da su za su fara mutuwa tun makonni da suka wuce. Na biyu gam ɗin silikon. A wata kusurwa na ga an taɓa yin gyara da wani farin silikon wanda bai yi kama da sauran ba. Irin na banɗaki da na kicin ana zuba masa maganin hana fumfuna, wanda ke cutar da kifi. Abin ƙi ne, amma yana nan tun ranar farko, ba zai jira kwana goma sannan ya kashe kowa a dare ɗaya ba.

Mun kai nan babu abin da ya tsaya da ƙafarsa, sai matar ta ce:

"Yaya, ni fa itacen nan ban yarda da shi ba. Sati biyu yana jiƙe a bayan ɗaki. Bokitin da ke kusa da shi, na tarar ruwan sama, har na gaji da zubarwa saboda tsutsar sauro. Nasa kuwa ko ɗaya ban taɓa gani ba. Har matattun ƙudaje nake gani a kai."

Sai a lokacin na lura saiwar tana cikin akwatin, a bayan tsiro. Da la'asar ɗin Asabar ƙanena ya sa ta, don baƙi su ga ado. Bai ambace ta ba saboda a wurinsa ba sabon abu ba ce, tare da akwatin ta zo, kuma ni na ce ya sa. Ko sau ɗaya ba a canza ruwan jiƙon ba. Na ciro ta na kai hanci wajen wani tsagi mai zurfi, can ciki akwai ɗan wari kamar na shagon maganin gona.

Gwajin robobi biyar

Zargi dai zargi ne, ina son abin da za mu gani da ido. Ƙanena ya ce a sayo gupi masu araha a gwada. Na ƙi. Duk dabbar da ka tsare, ci da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ya ishe mu gargaɗi, kuma mun riga mun rasa goma sha bakwai. Maganar matarsa ce ta ba ni mafita. Tsutsar sauro ba ta numfashi da iskar cikin ruwa, tana maƙale wutsiyarta ne a saman ruwa ta shaƙi ta waje, kuma tana rayuwa a ruwan kwata. Ƙarancin iska ko ɗan datti ba zai kashe ta ba, amma maganin ƙwari zai kashe ta. A watan Yuni kuma ba a wahalar nemanta. A cikin wata tsohuwar taya yaran suka ɗebo mana da rariya.

Muka sayi sababbin robobi biyar, muka ɗauraye. Ta farko ruwan gidana zalla, wanda kifina ke ciki lafiya. Ta biyu ragowar ruwan sabon mai garuwa. Sauran ukun ruwan gidana ne, ɗaya da tsakuwar akwatin cikin hannu biyu, ɗaya da rabin soso, ɗaya da reshen da na sare daga saiwar. Muka bar su suka kwana, da safe muka zuba tsutsa ashirin-ashirin, muka rufe da tsohon gidan sauro muka ajiye a inuwa.

Kafin azahar ta robar saiwa ta fara nunawa. Tsutsar sauro mai lafiya, idan inuwar hannunka ta gifta, nan take take murɗawa ta yi ƙasa, sannan ta dawo sama. Waɗannan kuwa sun kasa dawowa, suna ƙasa suna ɗan motsi a wuri ɗaya. Da la'asar duka ashirin sun mutu. Washegari da safe, a ta soso saura shida masu rai, a ta tsakuwa saura goma sha uku. Ta ruwan gidana da ta mai garuwa babu ko ɗaya da ta mutu, har wasu sun fara rikiɗa. Da haka mai garuwa ya fita, turaren wuta ya fita. Soso da tsakuwa kuwa sun riƙe kifi kwana goma lafiya, don haka abin da ke jikinsu yanzu daga saiwar suka tsotsa.

Gwajin nan yana da iyakarsa, kuma ya kamata mai son yin sa ya sani. Sauro a wurare da yawa ya fara jure wasu magungunan, saboda haka rayuwar tsutsa ita kaɗai ba ta wanke abu sarai. Mutuwarta a roba ɗaya, alhali 'yan uwanta na raye a ta kusa, ita ce magana mai ƙarfi.

Inda akwatin ya kwana

Muka koma wajen dillalin. Da farko ya ɗauka kuɗi muka zo karɓa, ya fara rantsuwa. Na ce masa, "Malam, ba rigima ta kawo mu ba, tarihin kayan kawai muke so." Ya sauko, ya haɗa mu da yaron gidan da aka fitar da kayan. Yaron ya ce akwatin ya haura shekara a sito tun da mai gidan ya gaji da kiwon. Mai gidan yana noman wake, kuma a siton nan yake ajiye taki da maganin feshi da injin goyo. Gilashin a kife yake a kan tebur, tsakuwa da soso suna cikin leda a ɗaure, saiwar kuwa a ƙasa take a jingine da bango. Akwai galan ɗin da ya taɓa tsagewa ya jiƙa wajen, har sai da aka zuba yashi aka share. Ya nuna mana irinsa da ya rage a siton. A jikin takardar an rubuta sayifametirin, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100.

Ba mu kai saiwar ɗakin gwaji ba, amma alamun kifin, da gwajin tsutsa, da abin da muka gani a siton duk wuri ɗaya suka nuna, kuma a kan haka na tsayar da hukuncina.

Sayifametirin yana cikin dangin fayiretiroyid, dangin da ake sawa a gidan sauro mai magani da yawancin maganin feshi na ɗaki. Yadda yake aiki shi ne yana hana ƙofofin da ke jikin jijiya rufuwa, sai jijiyar ta yi ta aika saƙo ba tsayawa, daga nan karkarwa, sai shanyewa. Jikin mutum da na tsuntsu yana saurin narkar da shi ya fitar. Jikin kifi yana jinkiri ƙwarai, ga shi kuma yana shiga ta mashaƙa kai tsaye zuwa jini. Maikurogiram kaɗan a lita guda ya isa ya kashe kifi, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. A yi lissafi: ɗigo ɗaya na irin galan ɗin nan yana ɗauke da wajen miligiram 5 na sinadarin. Idan ya bazu a lita 110, kowace lita ta samu kusan maikurogiram 45, wato ya ninka abin da ake buƙata sau da yawa. Saiwar da ta kwanta a cikinsa ba ɗigo ɗaya ta sha ba.

Halinsa kuma ya bayyana sauran abin da ya ɗaure mana kai. Ba ya son narkewa a ruwa, ya fi son manne wa itace da roba da laka, sai ya riƙa sakin kansa kaɗan-kaɗan. Hasken rana yana karya shi, amma a cikin tsagin busasshen itace a sito mai duhu yana daɗewa. Da fiya-fiya ne ya zube, da wuya ya kai haka, domin shi yana saurin tashi a iska, yana kuma lalacewa a ruwa cikin kwanaki. Dodon koɗi kuwa dama yana jure wannan dangin magani fiye da kifi da ƙwari, shi ya sa suka yi ta yawonsu a daren.

Ban ga laifin dillalin ba, bai sani ba. Yaron ma bai ɗauka itace zai riƙe magani ba. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba tun farko, kuma a cikinmu duka ni ne na san ya kamata a yi ta.

Abin da aka yi da akwatin

Ƙanena ya so ya sayar da shi ya huta. Na ce idan ya sayar a haka, gidan wani zai kai abin da ya same shi. Gilashi ba ya shan komai, ana iya ceto shi. Duk abin da ke da ƙofofi ko laushi kuwa ya tafi: saiwa, tsakuwa, soso, ganyen roba, tiyon iska, ragar kamun kifi, bokitin jiƙo, har da tsiron da na kawo.

Zubar da su ma sai da muka yi tunani. Matarsa ce ta fara cewa kada a bar saiwar a waje, wani zai ɗauka ya sa a murhu. Muka naɗe ta da sauran kayan a leda mai kauri, muka binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Matattun kifin tun a daren na hana a jefa wa kyanwa ko kaji, domin kyanwa tana cikin dabbobin da jikinsu ba ya iya narkar da wannan dangin magani. Ruwan akwatin ba mu tura shi kwata ba, tunda kwatar unguwa kududdufi take zuwa. A kan busasshiyar ƙasa muka watsa shi inda rana ke duka.

Gilashin muka wanke da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba don kada ya tsage, kuma ba sabulu ba omo, domin ragowarsu ma illa ce ga kifi. Muka bi shi da bilic da aka tsinka, kashi ɗaya a ruwa kashi goma sha tara, muka ɗauraye har warin ya ɓace, muka shanya shi kwana huɗu a rana. Silikon yana tsotsar irin wannan sinadari, don haka muka kankare duk na ciki da reza, har da farin gyaran nan, muka bar wanda ke tsakanin gilashi da gilashi. Muka sake bi da silikon zalla marar maganin fumfuna, mai warin tsami, muka ba shi mako guda ya bushe. Aka sayo sabuwar tsakuwa da sabon soso, na sa gawayin tace ruwa a cikin matata, wanda ake sayarwa don wannan aikin, ba na girki ba, domin yana kama ragowar irin waɗannan sinadarai. Bayan mako biyu muka canza shi da sabo.

Aka sake jiran mako biyar daga farko. Yaran sun ƙosa, ƙaramin kullum sai ya tambaye ni, "Baffa, yaushe?" Da amoniya da naitirait suka koma sifili, muka zuba tsutsar sauro talatin a cikin akwatin kansa, muka rufe shi da gidan sauro. Kwana biyu babbar tana ƙirga su safe da yamma tana rubutawa a bayan littafinta, talatin ɗin nan ba su ragu ba. A rana ta uku na kawo gupi biyu a leda, na ɗora ledar a kan ruwa minti ashirin don zafin ya daidaita, sannan na sake su. Kafin mu gama shan shayi sun cinye tsutsar tas. Muka ba su mako biyu su kaɗai, sannan aka ƙara huɗu. A ƙarshen Satumba ɗaya daga cikin matan gupin ta haihu, kuma an raba aikin ba da abinci: yaro ɗaya a rana, sau biyu, abin da za su cinye cikin minti biyu.